Wanda ya tsallake rabin fim, yana da bakin ba shi maki?

Baban Khalifa (Unguwar Rimi):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake so mu warware, don ta fara raba mana kai. Mun yi yarjejeniya duk mako za mu zaɓi sabon fim ɗaya, kowa ya kalla a gidansa, mu dawo nan mu ba shi maki a kan goma. To fim ɗin makon jiya wani ya ba shi 9, wani ya ba shi 2. Saɓani ba laifi ba ne, don shi aka buɗe zauren. Abin da ya dame ni, da na bi mutane ina tambaya sai na tarar da yawa daga waɗanda suka ba da maki ba su kai ƙarshensa ba. Wasu sun yi ta jan shi gaba da yatsa, wasu guntayensa kawai suka gani a TikTok, wata kuma ƙanwarta ce ta ba ta labari.

Shawarata ita ce kada kowa ya sake ba fim maki sai ya kalle shi tun daga farko har sunayen ma'aikata su fara hawa, ba tsallake. Kuma ya faɗa mana a kan me ya kalla, waya ko talabijin, shi kaɗai ko da iyali. Mutane sun zuba dukiyarsu da ƙarfinsu a aikin nan, bai kamata mu yanke musu hukunci a kan abin da ba mu gani ba. Ina sauraronku.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam, Yaya. Wannan doka masu waifai a gida za ta yi wa daɗi. Ni da gumina nake sayen data, kuma kowa ya san tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 abin ya ƙara tsada. Sai a ce in zauna ina kallon mota ta fito daga get, ta hau titi, ta sha kwana, ta shiga wani get, maigadi ya rufe, direba ya zagayo ya buɗe ƙofa, duk wannan babu wanda ya ce uffan? Datata ce take ƙonewa a wurin. In na ja shi gaba ban zalunci kowa ba, ni aka so a zalunta.

Maman Ilham (Tudun Wada):
Baban Khalifa, ina ganin girmanka, amma a nan ina bayan yaron nan. Tsallakewar ma ai hukunci ce. Fim mai kyau ba ya barin yatsanka ya motsa. Ba sai ka shanye tukunya ba kafin ka san gishiri ya yi wa miya yawa. Ni yawancin kallona ina aiki nake yinsa, waya na jingine a taga ina tsintar shinkafa ko ina guga. In labari ya kama ni, aikin nake ajiyewa in zauna. In bai kama ni ba, shi nake ajiyewa. Me ya fi wannan gaskiya?

Abin da zan yarda da shi, wanda ya tsallake ya faɗa. Ya ce na fara ja daga minti kaza, saboda kaza. Wannan ya fi mini amfani a kan lamba tsirara.

Baban Khalifa:
Maman Ilham, na ji ki. Amma ki dubi fim ɗin da ya jawo maganar. Wurin da kusan kowa ya tsallake shi ne inda tsohuwar nan take zaune ita kaɗai tana ƙirga kuɗin adashi tana ɗaurewa a bakin zane. Shiru ne, babu kiɗa, babu magana. A nan aka nuna ta ware wani kaso ta tura ƙarƙashin katifa, kuma wannan kuɗin ne ya warware komai a ƙarshe. Wanda ya ba da 2 cewa ya yi ƙarshen bai da tushe, kuɗi sun faɗo daga sama. Ba daga sama suka faɗo ba, shi ne bai ga inda aka ajiye su ba. Yanzu wa ya yi kuskure, darakta ko mai kallo?

Ɗan Rigasa:
To ta yaya zan bambance shirun da yake da ma'ana da shirun cika lokaci, alhali sau tara cikin goma na cika lokaci ne? Su suka koya mana tsallake.

Injiniya (Barnawa):
Bari in shigo nan, don abin da Ɗan Rigasa ya faɗa yana da asali, ba lalacin masu fim ba ne kawai. Yadda YouTube take biya ne ya sauya surar fim ɗin Hausa. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sosai sai ta tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. In ta shiga, mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan. Sannan bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya cusa masa talla a tsakiya, kuma iya tsawonsa iya guraben da za a cusa. Ga shi kuɗin da masu talla suke biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Ingila ko Amurka ba, ko kusa. To furodusan da yawancin masu kallonsa suna Kano da Kaduna da Maraɗi, me ya rage masa? Ya tsawaita, ya yawaita. Labarin da zai ƙare a awa biyu sai ya zama zango uku. Daga nan motar da take fita daga get ta samo asali, da tuna baya da ake maimaita mana abin da muka gani makon jiya.

Abu na biyu, kuma wannan zai yi wa Maman Ilham daɗi: mai tasha yana ganin daidai inda mutane suka tsallake da inda suka fita, akwai zanen da ake nuna masa minti bayan minti. Wato jan da kuke yi yana isa gare su, ya ma fi sharhin da ake rubutawa a ƙasa isa.

Amma duk da haka ina tare da Baban Khalifa a kan maki. Dalilina, wuraren da mutum zai ga hukunci na gaskiya suna ƙarewa. Netflix ta cire taurari biyar tun 2017 ta koma yatsa sama ko ƙasa. YouTube ta ɓoye adadin waɗanda suka ce ba su so a ƙarshen 2021. Abin da ya rage a fili shi ne yawan waɗanda suka kalla da waɗanda suka ce suna so, kuma yawan kallo ba ya nuna kyau, yana nuna suna ne da talla. Fina-finanmu kuma yawancinsu ba su da wani maki na kirki a IMDb, shafin intanet da masu kallo suke ba fina-finai maki. In zaure irin namu ma ya koma ba da lamba a kan guntun TikTok, ina mutum zai je ya ji gaskiya kafin ya kashe datarsa?

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Wannan zance na zanen da suke gani ya ƙara mini ƙarfi.

Baba Malam (Kawo):
Salamu alaikum 'ya'yana. Ina karanta ku tun ɗazu. Maman Ilham, 'yata, maganar tukunyarki gaskiya ce, sai dai wani lokacin naman yana ƙasa.

Mu mun ga farkon abin nan. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo, kaset yana fitowa daga Kano, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su rarraba, ya iso mana nan. Akwai shagunan haya a kowace unguwa. Ka karɓo da yamma, ka mayar gobe, in ka makara a ci ka tara. Gida ɗaya ne yake da bidiyo a layi, sai a fito da talabijin tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, mata gefe, yara gaba, maƙwabta su shigo. Babu mai jan komai gaba, don rimot ɗin yana hannun maigida kuma mutum ashirin ne suke kallo. Washegari a majalisa da wurin aiki ake yanke wa fim hukunci, kuma duk wanda ya buɗe baki ya gani da idonsa har ƙarshe. Ba a ba da lamba, amma in aka ce fim ya yi, to ya yi, mai shagon haya sai ya ƙaro kwafi.

Ba cewa nake fina-finan da sun fi na yanzu ba. Hoton yanzu ya fi, nesa ba kusa ba, kuma a da ma an sha raba labari ɗaya gida biyu ko uku don a sayar da kaset. Abin da na rasa shi ne kallo tare. Yau a gidana kowa yana ɗakinsa da abu a kunne. Fim ɗaya za su kalla su huɗu, a wayoyi huɗu, babu wanda ya ji dariyar wani. Shi ya sa na shiga zauren nan da jikana ya nuna mini, don ya yi mini kama da majalisar. To majalisa ba ta yiwuwa in rabin mutane ba su ga abin da ake magana a kai ba. Ina goyon bayan dokar.

Autar Malali:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina da tambaya ga Yaya Baban Khalifa. Dokar nan ta yaya za ta hau kan fim mai dogon zango? Tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan Labarina da Izzar So suka fito a 2020 lokacin da korona ta zaunar da mu a gida, kusan duk wani sabon abu da ake magana a kai mai dogon zango ne. Wasu sun shekara da shekaru ba su ƙare ba. In sai an ga ƙarshe za a ba da maki, to ba za mu taɓa ba su ba ke nan.

Baban Khalifa:
Auta, wannan tambaya ce mai kyau. Ina ganin a riƙa ba kowane zango makinsa in ya kammala.

Autar Malali:
Wasu ai ba sa rufe zango da komai, Yaya. Ana tsaka da rigima za a yanke, a ce a tara a zango na gaba. Ni a ganina wanda ya yi haka a rage masa maki kai tsaye, don bai cika alƙawarin da ya ɗauka wa mai kallo ba.

Mai Turi (Kasuwar Barci):
Jama'a ku bar ni in faɗi abin da nake gani a shago, don ni kullum cikin masu ba fim maki nake, sai dai ba da lamba suke bayarwa ba. Mutum zai miƙo waya ko mimori ya ce wanne ne yake tashe. In na tura masa kashi biyar na farko ya dawo jibi yana neman ci gaba, fim ya ci. In ya dawo ya ce goge mini wannan ka sa wani, ya faɗi. Matan aure yara suke aikowa da sunan fim a rubuce a takarda. Masu gadi da 'yan Keke sun fi son fassarar Indiya mai faɗa. 'Yan mata kuma yanzu na Koriya da na Turkiyya sun shiga ransu sosai. Kuma wallahi babu wanda ya taɓa ce mini hoto bai fita ba ko sauti ya yi ƙasa. Labari suke bi. Duk wannan zancen a faɗi a kan me aka kalla, na 'yan boko ne.

Edita (Kinkinau):
Malam Mai Turi, ba su ce maka hoto bai fita ba don ba su taɓa ganin yadda ya fito daga hannunmu ba. Ni aikina ke nan, haɗa hoto da gyaran sauti. Fim ɗin da muka fitar da nauyinsa, kai sai ka matse shi ya koma 'yan megabait don ya shiga mimori. Abin da yake fara mutuwa a matsewar nan shi ne duhu. Duk fitowar da aka ɗauka da dare, wadda mai haske ya wahala ya daidaita fitila don a ga rabin fuskar jaruma, sai ta koma baƙin dunƙule. Sai mutum ya zo nan ya rubuta ba a ganin komai, ya ba da 3. Haka sauti. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, takun ƙafa da ƙarar ƙofa da kiɗan da aka sa can ƙasa duk ɓacewa suke. Shi ya sa rabin dokar Baban Khalifa na biyu ya fi mini na farko muhimmanci. Wanda ya kalla a talabijin da wanda ya kalli kwafin turi a waya mai fasasshen gilashi, ba fim ɗaya suka gani ba.

Sannan maganar da ba a so a yi: duk kwafin da aka tura a shago, ko sisi ba ya komawa ga wanda ya yi fim ɗin. Ko kallon ma ba a ƙirga masa. Kasuwar faifai ta mutu a kan idonmu, mutane da yawa sun bar sana'ar. Yanzu an koma YouTube inda aƙalla kallo yake zama kuɗi, nan ma ana saukewa a rarraba. Sai kuma a dawo a ce me ya sa ba sa kashe kuɗi a aiki.

Mai Turi:
Edita, ban ƙi maganarka ba, amma ka zo Rigasa ko Hayin Banki ka ga masu zuwa wurina. Matar da kuɗin cefanenta bai isa ba, ita za ka ce ta sayi giga biyu don ta kalli kashi biyu? In babu mu ba za ta kalla a YouTube ba, ba za ta kalla ba ne gaba ɗaya. Kuma sunan da jarumanku suke da shi a lungu da ƙauye, har ake kiransu talla da biki, ta hannunmu ya isa can. Ni a shirye nake in biya in akwai tsarin da furodusa zai sayar mana da izini a farashin da za mu iya. A kawo tsarin a gani.

Edita:
Wannan magana ta ƙarshe ita nake so in ji daga bakin masu turi da yawa. In da gaske ne, akwai abin zama a tattauna.

Autar Malali:
Tunda an taɓo fassarar Indiya, ni a nan na fi rikicewa. In na ba irin wannan fim 8, wa na ba? Yawancin waɗanda ake fassarawa yanzu ba ma na Bombay ba ne irin na zamanin su Baba, na kudancin Indiya ne, na harshen Telugu da Tamil. Mai fassara yana sa wa jarumi karin maganar Hausa, yana ƙara barkwancin da babu shi a asali, wani lokaci a yanke waƙoƙi a rage tsawo. Na taɓa kallon fim ɗaya sau biyu, da fassarar baki da kuma rubutun Turanci a ƙasa. A na farko dariya na yi ta yi, a na biyu ashe labarin baƙin ciki ne, uba ne yake neman gawar ɗansa. Raina ya ɓaci sosai, don an raba ni da abin da masu fim ɗin suka so in ji.

Ɗan Rigasa:
Amma Auta ki yi adalci, akwai masu fassarar da suka iya. Su Algaita ba don wasa sunansu ya zagaye Arewa ba. Mahaifiyata ba ta jin Turanci balle Indiyanci, da fassara ne ta san abin da ake cewa a fina-finan da ta shekara tana kallo tana hasashe.

Autar Malali:
Ban ce a daina ba. Cewa na yi a raba, makin fim daban, makin fassara daban.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki):
Sannunku da ƙoƙari. Ni duk ba wannan ne ya kawo ni ba. Ni da jikoki nake kallo, a falo, a talabijin, bayan sallar isha in akwai wuta ko batirin sola bai sauka ba. Abin da nake nema a wurinku kafin in kunna fim shi ne: zan iya kallonsa da yaran nan ko ba zan iya ba? Lambarku ta 8 ko 9 ba ta gaya mini wannan.

Kwanaki muna kallon wani shiri, labarin gidan malam ne, babu abin ashsha a ciki. Ana tsaka da shi sai ga tallan kayan mata, wata tana bayani dalla-dalla da bakinta, a gaban yarinya 'yar shekara tara da yayanta. Kafin in lalubo rimot an gama faɗin abin da za a faɗa. Ba tallan YouTube ba ne da ake iya tsallakewa, a cikin shirin aka ɗinke shi. Yarinyar ta juyo tana tambayata ma'anar abin da ta ji. Na san masu shirin suna neman kuɗin da za su ci gaba, Injiniya ya yi bayani na fahimta. Amma wanda ya san a falo ake kallonsa ya kamata ya san irin tallan da zai karɓa.

Don haka ina roƙo, duk wanda zai ba da maki ya ƙara layi ɗaya: da yara, ko ban da yara. Kuma ya haɗa da tallan ciki a lissafinsa.

Injiniya:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin taɓo inda yake da giɓi. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim alamar shekaru, irin su 12 da 15 da 18, amma abin da ake ɗorawa kai tsaye a intanet da wuya ka ga alamar a jikinsa. Ta jihar Kano kuma, wadda take tun 2001, a watan Mayun 2025 ta dakatar da masu dogon zango 22 a kan cewa ana sakinsu ba a kawo mata ta duba ba. Ko me mutum yake gani game da matakin, ya nuna yawancin abin da yake shiga gidajenmu babu wanda ya tsaya tsakaninsa da yara sai iyaye.

Autar Malali:
Hajiya, na yarda da layin, amma ina roƙon kada ya taɓa makin. Akwai fim a kan fyaɗe ko shaye-shaye ko 'yan gudun hijira wanda bai dace da yaro ba, kuma shi ne mafi kyawun abin da aka yi a shekarar. Kada mu koma duk fim ɗin da ya faɗi abu mai ɗaci mu ce ya ɓata tarbiyya. In muka yi haka, masu rubutu za su ci gaba da ba mu rigimar kishiya da ɗan mai kuɗi ya so 'yar talaka, don su ne ba sa jawo musu magana.

Hajiya Babba:
Haka ne 'yata. Ban ce a rage masa ba. A gaya mini kawai, in kalla ni kaɗai bayan sun yi barci. Irin waɗannan ma na fi son su, don mu muka san abin da yake faruwa a gidaje.

Ɗan Rigasa:
Saura abu ɗaya da yake cina. Mudu ɗaya muke aunawa da shi ko biyu? Na lura in fim ɗin Hausa ne sai a ce ai sun yi ƙoƙari, a ba shi 8. In na Koriya ne mai irin wannan kuskuren a ba shi 5. Ni wannan sassaucin raini nake ganinsa, kamar an ce namu ba za su iya ba.

Edita:
Ƙanena, kuɗin da ake kashewa a kashi ɗaya na shirin Koriya zai yi mana shekara muna aiki. Ba za ka nemi fashewar mota da jirgi mai saukar ungulu a wurin wanda yake hayar kyamara da kwana ba. Amma akwai abin da ba na neman a yi mana sassauci a kai ko kaɗan, shi ne rubutu. Jarumi ya san abin da ba a gaya masa ba, mutum ya mutu a zango na ɗaya ya dawo a na uku babu bayani, likita ya duba ido ya ce ciki wata biyu. Wannan ba rashin kuɗi ba ne. A ayyukan da na shiga, sau da yawa ana isa wurin ɗauka rubutun bai kammala ba, marubuci yana turo fitowa ta waya ana jiransa, kuma shi ne wanda aka fi ƙanƙanta wa sallama. A nan ku matsa mana, ku ba da 3 in ta kama. Haka sautin magana: makirfo mai kyau bai fi ƙarfin kowa ba, sakaci ne yake sa a ji ƙarar inji a bayan jaruma tana kuka.

Injiniya:
Kuma kada mu manta an riga an kai fim ɗin Hausa inda ake auna kowa da mudu ɗaya. A 2019 an cire Lionheart, fim ɗin da Najeriya ta tura, daga takarar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi masa yawa. Wanda Najeriya ta tura bayansa, The Milkmaid, yawancinsa da Hausa ne. A 2024 kuma Mai Martaba aka tura, wanda aka ɗauka a Daura. Ba su kai ga zagayen ƙarshe ba, amma harshen da wasu suke ganin shi ne ya tsare mu, shi ya buɗe ƙofar. Ni ina tare da Edita: a sassauta a kan abin da kuɗi ne kawai yake saye, a tsananta a kan labari da wasa da sauti.

Maman Ilham:
To Baban Khalifa, ni har yanzu ban janye ba. In na kai rabi na kasa, ina so a bar ni in faɗi haka, a kuma ƙirga shi.

Baban Khalifa:
Za a ƙirga, Maman Ilham, amma a gefe. Wanda ya kai ƙarshe ya ba da lamba. Wanda ya tsaya ya rubuta ban ƙarasa ba, da mintin da ya tsaya da dalili. In muka ga mutum goma sun tsaya a wuri ɗaya, wannan ma labari ne, zan sa shi a saman sakamako kowa ya gani. Masu guntun TikTok da masu jin labari a bakin wani kuwa, su yi mana haƙuri.

Ɗan Rigasa:
Wanda ya kai ƙarshe amma ya ja motar da take fita daga get fa?

Baban Khalifa:
Ya faɗi abin da ya ja. In 'yan zaure suka ga akwai abin da ya wuce shi a wurin, su gaya masa ya koma ya duba kafin a karɓi lambarsa.

Hajiya Babba:
A riƙa sanar da fim ɗin da wuri don Allah, da tsawonsa, in samu in fara dubawa kafin in tara yara.

Ɗan Rigasa:
A haɗa da nauyinsa kuma, mu san datar da za mu tanada.

Injiniya:
Wannan ni zan riƙa yi. Ɗan Rigasa, ka shiga saitin bidiyon ka mayar da ingancin hoton 360 ko 480 maimakon ka bar shi ya zaɓa da kansa, kuma in layinka yana da garaɓasar dare ka sauke shi a cikin manhajar YouTube ɗin, ka kalla da rana. Sai dai in fim ne mai fitowar dare da yawa zan rubuta a sanarwar, don a ɗaga shi zuwa 720 a wuraren, kada a zo a ce wa su Edita ba a ganin komai.